Ba a cire Milhouse ba, muryarsa aka sauya

Assalamu alaikum, masu kallo. Tun da labari ya bazu a watan Nuwamban 2024 cewa Pamela Hayden, matar da ke yi wa Milhouse murya, ta yi ritaya daga shirin zane na Amurka mai suna The Simpsons, mutane da yawa suka ɗauka an gama da Milhouse ke nan. To yana nan daram.

Ga shi nan a gabanku. Shuɗin gashi, jan tabarau, ƙaton hanci. Milhouse Van Houten, ɗan shekara 10, aminin Bart, yaron gidan Simpson. An fara ganinsa ne a tallar alewar Butterfinger, tun kafin shirin ya fara fita a tashar Fox ranar 17 ga Disamba 1989. Sunan kuwa daga tsakiyar sunan tsohon shugaban Amurka Richard Milhous Nixon aka ɗauko shi. Milhouse yana mutuwar son Lisa ƙanwar Bart, ita ko a jikinta. Nelson ya mai da shi abin duka. Iyayensa Kirk da Luann sun rabu a 1996, suka mayar da aurensu a 2007. Sauran ku gani da idonku.

[hotuna: Bart ya ja shi cikin rigima, Nelson ya tare shi, Lisa ta wuce shi]

Yanzu ku ba ni hankalinku, don nan ne ruɗanin yake.

Mu da muka saba da fina-finan Indiya da ake fassarawa da Hausa, abin da muka sani shi ne fim yana nan a kammale, sai mai fassara ya zo ya ɗora murya yana bin bakin jarumi. Shi ya sa muke ɗauka haka ake yi wa zane ma. A The Simpsons ba haka ake yi ba. Murya ce ke zuwa da farko. Marubuta su rubuta labari, masu murya su zauna a teburi guda su karanta shi da ƙarfi, inda ba a yi dariya ba a gyara. Daga nan a shiga ɗakin ɗaukar sauti. A wannan lokacin babu Milhouse a allo, babu zane ko ɗaya, sai mace a tsaye gaban makirufo da takarda a hannu.

Sai an gama wannan masu zane ke karɓar aiki. Su saurari sautin, su rarraba shi gaɓa-gaɓa, su san a wane hoto baki zai buɗe, a wane zai rufe. Ku dubi nan, zan rage gudun hoton. Kun ji inda muryar ta karye? Ku dubi girarsa, a daidai wurin ta ɗaga. Mai zane bai ƙirƙiro tsoron nan daga kansa ba, a muryar Hayden ya ji shi, ya zana. Daga baya a tura aikin Koriya ta Kudu a kammala, kuma kashi ɗaya kan ci watanni da dama kafin ya fito.

Wato shekara 35 da Hayden ta yi, ba baki kawai ta ara wa yaron nan ba. Yadda yake noƙewa, yadda yake murna da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, rabinsa daga maƙogwaronta ya fito. Ita ce kuma ta yi muryar Jimbo Jones da Rod Flanders har zuwa ritayarta. Kada ku yi mamakin mace a bakin yaro, Bart kansa Nancy Cartwright ce ke masa magana. Da yaro na gaske aka ɗauka, da ya balaga murya ta fashe, shi kuwa Milhouse har gobe shekararsa 10.

To in mai murya ya tafi, me ake yi da zanen? Babu doka guda. Da aka kashe Phil Hartman a 1998, sai aka jingine Troy McClure da Lionel Hutz, waɗanda yake yi wa murya, don girmama shi. Da Marcia Wallace ta rasu a 2013, malama Edna Krabappel ta bi ta. Maude Flanders kashe ta aka yi a cikin labari a shekarar 2000, bayan mai muryarta Maggie Roswell ta bar aiki kan saɓanin kuɗi. Amma da Russi Taylor ta rasu a 2019, Martin Prince ya ci gaba da magana da muryar Grey DeLisle. Kun ga masu fargaba suna da hujja, an sha gani.

Ni dai a ganina Milhouse ba ya jinginuwa. Bart yaro ne da ba ya jin tsoro, ba ya jin kunya, don haka dole a samu wani kusa da shi da zai ji masa su. Ku tuna kashin 1995 da Bart ya sayar da ransa a kan dala 5. Wa ya saya? Milhouse. Ya riƙe 'yar takardar nan, karo ɗaya a rayuwarsa shi ne a sama, kuma har yau ina jin daɗin wannan kashin saboda shi. Yaron da kullum ake kayarwa, gari na wayewa ya sake fitowa da fatan yau za ta yi kyau, wallahi yana shiga raina fiye da Bart.

Kashi na ƙarshe da Hayden ta yi bankwana da shi ya fita ranar 24 ga Nuwamba 2024. A watan Mayun 2025, a kashin rufe zango na 36, aka ji sabuwar muryar, ta wata mawaƙiya mai suna Kelly Macleod. Aikinta ya fi na wadda ta gada wuya ta fuska ɗaya: Hayden ta yi murya masu zane suka bi ta, ita kuwa ta tarar da yaro an riga an san yadda yake kuka da yadda yake dariya.

Zan sa muku su biyun a jere. Ku sa abin sauraro a kunne in kuna da shi. Ga Hayden a 1995. Ga Macleod a 2025.