Otizim: ƙwayar gado ɗaya, ɓera namiji da mace sun sha bamban

Jama'ar Damagaram, barkanmu da war haka. Kun san irin yaron nan da magana ta yi wa nawa, ba ya haɗa ido da kowa, ana kiran sunansa ba ya waiwayowa. A unguwa sai a ce iska ce. Likitoci kuwa otizim suke ce masa, daga yadda ƙwaƙwalwa ta ginu yake tasowa, gado kuma na da hannu ƙwarai.

Yara 11 masu otizim da likita Leo Kanner ya fara bayyanawa a Amurka a 1943, 8 maza ne. Har yau sai an samu maza uku ko huɗu kafin a samu mace ɗaya. Mata ne ba su cika samunsa ba, ko mu ne ba mu iya gane nasu?

Masana sai suka koma kan ɓera. A taɓa masa ƙwayar gado guda (ɗan abin da ke ɗauke da kamanni da halin da ake gadowa daga iyaye), irin wadda aka gani a jikin masu otizim, a zuba ido. A Koriya ta Kudu, a 2018, an yi haka da wata ƙwayar gado mai suna Chd8. Jariran ɓeraye maza, da an raba su da uwa sai kuka ya wuce kima, siririn kukan da kunnen ɗan Adam ba ya ji. Matan ko a jikinsu. Amma da aka duba ƙwaƙwalwarsu, ashe su ma ta canza, jijiyoyin da ke sa wa ƙwaƙwalwa birki sun ƙara ƙarfi. Wannan ne ya fi ɗaukar hankalina: shirun macen ba ya nufin ba abin da ya taɓa ta. Haka ma ɓerayen da aka cire wa wani yankin gado mai suna 16p11.2, wanda shi ma ake dangantawa da otizim, mazan ne suka yi nawa wajen koyon aikin da ake ba su lada a kai.

Abin takaici, an daɗe ana gwaji da ɓeraye maza zalla. Sai a 2016 hukumar NIH ta Amurka, mai ɗaukar nauyin binciken lafiya, ta fara neman masu karɓar kuɗinta su yi la'akari da jinsi.

Ɓera dai ba yaro ba ne, ba ya magana balle a auna ta. Amma iyaye, ɗiyar da kullum take gefe ita kaɗai, ana yabon kunyarta, in ba ta amsa sunanta, ba ta nuna abu da yatsa, ku kai ta wajen likitan yara kamar yadda za ku kai ɗan'uwanta.