Mu Haɗa Bairos da Kwali da Zare

Assalamu alaikum ɗalibai da malaman kimiyya, daga nan Katsina. Ga kwali, almakashi, gam, zare, leda da ashana a gabanmu. Da su za mu haɗa samfurin bairos, wato ƙwayar cutar shan inna, wadda ido ba ya gani. Faɗinta nanomita 30 ne kacal, sai an jera wajen 2,000 kafin su kai kaurin silin gashi.

Ku yanka kwalin gida 20, kowane mai kusurwa uku, duk girma ɗaya, ku bar ɗan baki na shafa gam. Ku manna biyar su haɗu a tsini ɗaya, murfin sama ke nan. Wasu biyar su zama na ƙasa. Goman da suka rage a jera su, wannan kai sama, wancan kai ƙasa, su zagaye tsakiya. Kafin ku rufe, ku dunƙule zare ku cusa a ciki. Zaren nan shi ne RNA, bayanin da bairos ke shigarwa cikin ƙwayar halittar mutum don ta riƙa buga masa irinsa.

To, ku ɗiga tawada sau uku a kowace fuska, ku ƙirga. 60 ko? Haka ɓawon shan inna yake, rukunin furotin iri ɗaya har guda 60. Zaren gajere ne, ba shi da wurin ɗaukar umarni mai yawa, don haka bairos ke yin dabarar mai buga bulo: abin bugu ɗaya, amma a tada katanga guda. Masana kimiyya Crick da Watson ne suka kawo wannan tunani a 1956. A ganina yaron da ya manna kwalin nan da hannunsa ya fi wanda ya haddace zanen allo fahimtar dalilin.

Ɗigon rigakafin da ake bi gida-gida ana yi wa yara yana koya wa garkuwar jiki gane siffar wannan ɓawo ne. Da shi aka kai ga ayyana Afirka ta rabu da shan inna na asali a watan Agustan 2020.

Ga na biyu kuma. Ku dunƙule zare a cikin leda, ku soke ta da ashana ta ko'ina, kawunan suna waje. Korona ke nan, mai riga; ƙwayar cutar kyanda ma tana da irin rigar. Ledar tana wakiltar rigar maiƙo, kuma sabulu na wargaza maiƙo. Ku yaga ledar ku ga yadda ashanar ke zubewa. Idan babu waɗannan ƙayoyi, ba ta da abin kama jikin mutum. Shan inna ba shi da irin rigar nan, shi ya sa sabulu ba ya fasa shi, sai dai wankin hannu ya kawar da shi.

Malam, idan ajinka ya cika maƙil, raba su biyar-biyar, kowane yaro ya yanka guda huɗu.