Tarihin da ke rubuce a jikin mutum

Assalamu alaikum jama'a. Kafin mu shiga kowane gidan tarihi, ku fara duban fuskar nan. Kakata ce, mahaifiyar babana. A Garwa aka haife ta, ba ta taɓa taka ƙasar Gobir ba. Amma duk Bagobirin da ya ci karo da ita a kasuwa zai san tasa ce tun ba ta buɗe baki ba, saboda zuben da wanzami ya yi mata tana jaririya yana nan daga gefen baki har kunne. Fatauci ne ya kawo kakanninta Adamawa. Ba su zo da takarda ba, a fuska suka ɗauko asalinsu. Mu jikokinta kuwa babu mai tsaga ko ɗaya, kuma ban ce a dawo da ita ba, domin gaskiyar likitoci ce a kan aska ɗaya da ake bin yara da ita. Abin da nake so ku riƙe shi ne, mun daɗe da sanin cewa ana karanta mutum a jikinsa.

Wannan sanin ne masu zane da sassaƙa da ɗaukar hoto na wannan zamani suka ɗauka suka shiga da shi manyan gidajen baje koli na duniya. Idan ka ji an buɗe nuni a kan jiki da asali da abin da al'umma ke tunawa, tambayar da ake yi ba ta wuce wannan ba: wa ke da ikon nuna jikinka, kuma wane labari yake bayarwa da shi?

Mu je Kusiri, garin Kamaru da ke tsallaken kogi daga Njamena. A nan ne ranar 22 ga Afrilu 1900 sojojin Faransa suka gwabza da Rabe, wanda ya ci Barno ya zauna a Dikwa. Rabe ya mutu a wannan rana, kwamandan Faransawa Lami shi ma ya mutu. Ku dubi yadda aka yi da mutanen biyu. Lami aka sa wa sabon gari sunansa a tsallaken kogi, For Lami, sunan da bai gushe ba sai 1973 da aka mayar da shi Njamena. Rabe kuma aka yanke kansa, aka ɗaga shi aka ɗauki hoto, hoton ya yi ta yawo a littattafai. Na san akwai gidaje a Barno da har yau ba su yafe wa Rabe ba, kuma suna da dalili. Amma wanda ya ɗauki hoton nan ba don ya share musu hawaye ya ɗauka ba. Ya ɗauka ne don a gani a Turai cewa ƙasar ta shiga hannu. Haka aka yi ta ɗaukar kakanninmu shekara da shekaru: a tsayar da mutum, a auna kansa, a ɗauki tsagarsa ta gaba da ta gefe, a rubuta sunan ƙabila a ƙasan hoton, shi kuwa ko sunansa ba a tambaya ba.

Yanzu ku ga yadda wani yaro ya juya abin. Samuel Fosso an haife shi a Kumba, a nan Kamaru, a 1962. Yana ƙarami yaƙin Biyafara ya rutsa da shi a Najeriya, daga baya kawunsa ya tafi da shi Bangi, babban birnin Afirka ta Tsakiya. A 1975, yana ɗan shekara 13, ya buɗe shagon ɗaukar hoto. Da rana ya ɗauki masu aure da masu neman hoton katin shaida. Da dare idan fim ya yi saura, maimakon ya yi asararsa sai ya sa kaya, ya tsaya gaban kyamara ya ɗauki kansa, ya aika wa kakarsa a Najeriya don ta ga yana nan lafiya. Daga nan abin ya faro. A 2008 ya fitar da jerin hotuna inda ya shiga kamannin Lumumba da Mandela da Nkrumah da Malcolm X da Muhammad Ali, har da Angela Davis, mace. Mutum ɗaya, fuska ɗaya, sai ga tarihin baƙar fata na kusan ƙarni guda ya bi ta cikinta. Abin da ke burge ni a nan ba iya kwaikwayon ba ne. Shi ne mai kyamara, shi ne wanda ake ɗauka, shi ke zaɓen riga da tsayuwa da inda ido zai kalla. Babu wanda ya tsayar da shi. A 2014 da Bangi ta rikice, aka fasa gidansa aka watsar da fina-finan hotunansa a ƙasa, sai da wasu 'yan jarida suka tsince abin da ya tsira. Dubban fuskokin mutanen gari ne a ciki, waɗanda suka zo da kuɗinsu a ɗauke su yadda suke so a gan su.

Duk wanda ya taɓa hawa kilando ya nufi gadar Ngeli zai tsallaka Njamena ya san wani abu kuma. Kana da jikinka, kana da sunanka, danginka suna can tsallake suna jiranka, amma sai takarda ta yi magana kafin ka wuce. Barthélémy Toguo, ɗan Kamaru da aka haifa a 1967, ya sha wannan tsayuwa a filayen jirgin Turai har ta zame masa abin aiki. Yana sassaƙa hatimi irin wanda ake buga wa fasfo, amma da gungumen itace, ƙato, mai siffar kai da kafaɗun mutum, wanda sai an yi da gaske a ɗaga shi. Ka gan shi ka ga mutumin da aka mayar hatimi. A 2022 kuma, a ƙarƙashin dalar gilashin nan ta gidan tarihin Luvur a Paris, ya kafa dogon ginshiƙi na ƙunshin kaya ɗaure da atamfa, don tunawa da matafiyan da suka ɓace a hanya. Babu fuska ko ɗaya a jikinsa. Ƙunshi ne kawai, irin wanda uwa ke ɗaure wa ɗanta ranar tafiya.

Na san tambayar da wasu ke riƙe da ita tun ɗazu: wannan ba sura ba ce, ba gunki ba ne? Tambaya ce mai kyau, hukuncinta kuma na malamai ne. Sai dai ku lura, da yawa daga cikin ayyukan nan suna maganar jiki ba tare da sun zana mutum ba. Riga ce da mai ita ba ya nan, ko takalmi, ko sawun ƙafa. Duk wanda ya taɓa buɗe akwatin mamaci ranar rabon gado ya san abin da riga ke iya yi wa zuciya.

A nan ne maganar ta fi nauyi, don haka zan ɗan jima. Daga 1982 zuwa 1990 Hissène Habré ya mulki Cadi. Hukumar leƙen asirinsa, DDS, tana da wani kurkuku a Njamena da ake kira La Pisin. Wurin iyo ne na zamanin Turawa, aka rufe samansa da kankare, aka yanka cikinsa ɗaki-ɗaki, aka zuba mutane a ƙarƙashin ƙasa cikin zafin da kuka sani. Akwai wani ɗauri da ake kira arbatashar, wato sha huɗu da Larabci: a haɗa hannuwa da ƙafafu ta baya a ɗaure tamau har jini ya daina gudu. Wasu sun fito hannuwansu sun shanye har abada. Kwamitin binciken da aka kafa bayan faɗuwarsa ya ƙiyasta a 1992 cewa mutum 40,000 suka hallaka. A 2001 aka tarar da takardun DDS zube a tsohon ofishinta, a ciki akwai sunayen mutum 1,208 da suka mutu ko aka kashe. A ranar 30 ga Mayu 2016 kotu a Dakar ta yanke wa Habré ɗaurin rai da rai, ya kuma rasu a can a 2021.

To ina gidan tarihi ya shigo? A watan Maris 2015 wata kotu a Njamena, bayan ta hukunta tsofaffin jami'an DDS, ta ba da umarnin a gina wurin tunawa da waɗanda aka kashe, a kuma mayar da tsohuwar hedikwatar hukumar gidan tarihi. Shekaru suka yi ta wucewa waɗanda suka tsira suna jiran a cika umarnin. Kafin nan, shaidar tana jikinsu: tabon igiya a damtse, yatsun da ba sa lanƙwasa, idon da ya tafi. Mahamat-Saleh Haroun, mai shirya fina-finai ɗan Cadi, ya yi fim a kansu a 2016, ya bar su suka yi magana da bakinsu. Su kuma kullum tsufa suke yi, ana ta binne su ɗaya bayan ɗaya. Wannan abu yana ci mini rai. Yaron da aka haifa a Njamena a 2005 zai iya wucewa ta gefen wurin bai san me aka yi a ciki ba. Shi ya sa nake ganin girman aikin irin su Doff, wato Apollinaire Guidimbaye, mai zane ɗan Cadi da ke tsintar kwanson harsashi da waya da tarkacen ƙarfe yana haɗa su su zama allon zane. Kayan aikinsa ma kaɗai sun isa shaida, domin ƙasar da ake tsintar kwanson harsashi a cikinta kamar tsakuwa ta riga ta faɗi abin da ta gani.

Kayan tarihinmu na da can kuwa, yawancinsa ba ya hannunmu. Rahoton da Felwine Sarr da Bénédicte Savoy suka miƙa wa shugaban Faransa a 2018 ya nuna cewa a gidan tarihin Ke Branli da ke Paris kaɗai akwai kayan Cadi fiye da 9,000, ita ce ma kan gaba a ƙasashen kudu da Sahara, na Kamaru kuma sun haura 7,000. Wani bincike na 2023 ya ƙirga kayan Kamaru sama da 40,000 a gidajen tarihin Jamus, alhali na Yawunde bai wuce kimanin 6,000 ba.

Duk da haka akwai inda za ku je da ƙafarku. A gidan tarihin ƙasa da ke Njamena za ku ga labarin Tumai, ƙoƙon kan da aka tono a hamadar Jurab a 2001, wanda masana suka ce ya kai shekara miliyan 7. Za ku ga kawunan yumɓu na mutanen Sawo, waɗanda ke binne mamatansu cikin manyan randuna. A Gawi, 'yar tafiya kaɗan daga birnin, tsohuwar fadar sarkin Kotoko ta zama gidan tarihi, matan garin kuma suna yi wa bangon gidajensu zane da hannu, damina ta wanke, su sake.

Da na gama haɗa hotunan bidiyon nan na koma wurin kakata na ce, Iya, wa ya yi miki tsagar nan? Shekarata talatin da wani abu ina kallonta ban taɓa tambaya ba. Ta shafa kumatunta, ta faɗi sunan wanzamin, ta ce shi ya yi wa yayyenta duka, kuma tare ubansa ya taso da kakanta daga gida, ayari ɗaya. Ta faɗi sunan garin da suka baro, da inda suka yada zango suka yi damina biyu kafin su iso bakin Binuwai. Hotonta ɗaya ne tak a gidanmu, na katin shaida. Na juya bayansa na rubuta sunayen uku.