Injin Hilux mai shan gas ya gaji: a sauke shi a gyara, ko a ɗora na tokumbo?

Assalamu alaikum, masu kallo. Wannan farar Hilux da kuke gani a bakin gareji ta shafe shekaru tana jigilar buhunan hatsi da na taki tsakanin ƙauye da kasuwa, kuma a 'yan watannin nan gajiya ta bayyana a jikinta. Ba ta tashi da safe sai an daɗe ana murza makulli, tana shan baƙin mai har sai an riƙa ƙara mata duk bayan 'yan kwanaki, idan kuma ta ɗauki kaya ta doshi hawa sai ta yi ta nishi tana barin hayaƙi a bayanta. Mai ita ya samu shawara iri biyu. Wani bakanike ya ce a sauke injin a yi masa ringi (zoben da ke jikin fistin) da metal (shimfiɗar ƙarfen da sandar inji, wato karanshaf, ke juyawa a kanta), wani kuma ya ce kada ya ɓata kuɗinsa, ya tafi kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano kawai ya ɗauko na tokumbo. Dukansu biyun sun yanke hukunci ne ba tare da ɗayansu ya ɗora ma'auni a kan injin ba, kuma a nan ne yawancin masu motocin a-kori-kura suke fara yin asara.

Injin gas ya bambanta da na fetur ta wajen yadda yake kunna mai. Ba shi da fulogin da ke ba da tartsatsi. Fistin ne yake matse iska a cikin silinda har ta yi zafin da da zarar nozul ta fesa mai sai ya kama da kansa. A injin 5L mai lita 3, wanda ke cikin tsofaffin Hilux da Hiace, ana matse iskar har sau 22, injin 1HZ mai silinda 6 da ke cikin Land Cruiser ɗin da ake ratsa hamada da su ta Agadas shi ma haka yake. Saboda haka rayuwar wannan inji gaba ɗaya ta rataya ne a kan matsi. Idan ringi ya cinye, ko bangon silinda ya yi faɗi, iskar za ta sulale ƙasa ta shiga ma'ajiyar baƙin mai maimakon ta tsaya ta yi zafi, daga nan sai wahalar tashi da rashin ƙarfi su biyo baya.

Akwai gwajin da kowane direba zai iya yi da kansa. A bar injin ya ɗumama yana aiki a tsaye, a kwance murfin da ake zuba baƙin mai, a ɗora shi a bakin ramin ba tare da an ɗaure ba. Idan murfin yana ɗan rawa a wurinsa, ba abin tashin hankali ba ne, domin kowane injin gas yana fitar da ɗan huci. Amma ku dubi wannan: murfin ya yi tsalle ya faɗi, hayaƙi yana bugowa daga ramin fuf, fuf, fuf, daidai da bugun injin. Wannan alama ce cewa matsi yana zurarewa ta gefen fistin. Sai dai alama ce kawai, ba hukunci ba.

Hukuncin yana hannun agogon auna matsi. Ana cire hita (abin da ke ɗumama silinda kafin a tayar da inji) ko nozul, a ɗaura agogon a gurbinta, a murza injin, a rubuta abin da kowace silinda ta bayar. Ga injin 5L, littafin gyara na Toyota ya nuna cewa lafiyayyen inji yana ba da kilo 32 a kan kowace murabba'in santimita, mafi ƙarancin abin da za a lamunta shi ne 20, kuma kada ratar da ke tsakanin silinda da 'yar'uwarta ta wuce 5. Idan duka huɗun sun yi ƙasa tare, tsufa ne ko cin ƙura. Idan guda ɗaya ce ta faɗi sauran suna tsaye, sai a nemi bawul da ya ƙone, ko fistin da ya tsage, ko kwanrod (sandar da ke haɗa fistin da karanshaf) da ya lanƙwashe saboda motar ta taɓa shan ruwa wajen ƙetare rafi da damina. Idan biyu ne maƙwabtan juna, gasket ne ake fara tuhuma. Wannan awo ba ya cin fiye da sa'a guda, amma shi ne yake bambanta gyaran da za a yi injin yana kan mota da wanda sai an sauke shi.

Launin hayaƙi ma yana magana, kuma sau da yawa yana wanke injin daga zargi. Shuɗi yana nufin baƙin mai ne ke ƙonewa, wanda zai iya zama daga ringi, zai kuma iya zama daga tobo (na'urar da ke tura wa inji ƙarin iska) da ta fara zubar da mai a hanyar iska. Baƙi yana nufin mai ya fi iska yawa, wato ko matatar iska ta toshe ko nozul ta daina fesawa ta koma tsiyaya. Fari kuwa, idan ya ci gaba bayan injin ya ɗumama kuma ruwan lagireto yana raguwa, to ruwa ne ke shiga silinda. An sha sauke inji sukutum a kan laifin nozul guda huɗu.

Yanzu mu ɗauka an auna, an tabbatar cikin injin ya cinye. Kafin a yi maganar gyara ko canji, akwai tambayar da ta fi duka muhimmanci, kuma ita ce aka fi tsallakewa: mene ne ya kashe shi? A cire robar da ta taso daga matatar iska zuwa inji, a shafa yatsa a cikinta. A wannan motar yatsan ya fito da jar ƙura mai laushi kamar garin jan-baki. Ƙurar hunturu da ta hanyoyin karkara, idan ta samu ƙofa ta robar da ta tsage ko ta matatar da aka yi ta busawa da iska mai ƙarfi har takardarta ta ɓule, tana gauraya da baƙin mai ta zama kamar sanfefa, ta yi ta cin ringi da bangon silinda a hankali. Wanda ya ɗora sabon inji a ƙarƙashin wannan robar, ya sake shuka irin abin da ya girba ne.

Injunan zamani masu ƙwaƙwalwa (kwamfutar da ke sarrafa inji), wato 1KD mai lita 3 da 2KD mai lita 2.5 waɗanda Toyota ta fito da su a farkon shekarun 2000 kuma ake rubuta D-4D a jikin motocinsu, suna da tasu cutar. A ƙarƙashin kowace nozul akwai ɗan zoben tagulla da ke toshe hayaƙi. Idan ya saki, hayaƙin yana hawa ya dafa baƙin mai ya mayar da shi dunƙulen gawayi, gawayin ya gangara ya toshe ragar da famfon mai ke zuƙa ta cikinta, metal ya bushe, sai wata rana a tsakiyar hanya a ji inji ya buga. Haka kuma waɗannan injuna suna tura mai da matsin da ya haura kilo 1,000 a kan kowace murabba'in santimita, don haka ba sa jure gas ɗin bumburutu da aka gauraya da kananzir ko mai ruwa a ciki. Kuma kada wani ya kuskura ya laluba yoyon bututun nozul da hannu injin yana aiki, domin man yana iya huda fata.

Gyara yana da ma'ana idan gangar injin ba ta tsage ba, karanshaf bai ƙone ba, kuma akwai wurin aikin da ke auna abu da ma'auni. Abin da ake kira yin ringi a garejinmu, wato a zura sababbin ringi cikin silindar da ta riga ta yi faɗi, kwalliya ce ta 'yan watanni. Gyara na gaskiya yana bukatar a kai gangar wurin masu injin ƙarfe su auna silinda, su yi mata borin zuwa girma na gaba, yawanci ƙarin rabin milimita, a sa fistin da ya dace da sabon faɗin. Karanshaf ma a auna shi, idan ya ci a goge shi a sa metal mai kauri daidai da abin da aka rage. Kan silinda a duba ko ya karkace ko ya tsage, musamman idan motar ta taɓa tafasa. Akwai kuma wani ƙaramin abu da ake yawan wucewa: gasket ɗin waɗannan injuna kauri-kauri ne, kuma ana zaɓarsa ne bisa yadda fistin ya ɗago sama da fuskar ganga. Sannan ƙusoshin kan silinda suna da tsarin ɗauri da adadin ƙarfin da littafi ya ƙayyade. Bakaniken da ya zura bututu a sifana ya ja da iya ƙarfinsa yana cewa hannunsa ya san awo, a nemi wani.

A ganina babbar barazanar gyara a yau ita ce jabun kaya. Kwali mai tambarin Toyota ba shaida ba ce, kuma ringi na jabu yana iya mayar da aikin mako biyu banza kafin a ci kilomita 10,000.

Tokumbo ya fi dacewa idan kwanrod ya fasa ganga, ko karanshaf ya yi shuɗi saboda zafi, ko kuma motar ita ce abincin gida, ba za ta iya kwana 20 a gareji ba. Ana samun waɗannan injuna a Ladipo ta Legas, da Panteka ta Kaduna, da Ƙofar Ruwa ta Kano, da Apo ta Abuja, da yawansu kuma sun biyo ta kasuwar Sharja da ke Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Amma inji ba ya zuwa da agogon tafiyarsa, kuma wanda aka wanke da fetur ya yi ƙyalli bai faɗi komai game da cikinsa ba. Wasu ma a nan gida aka sauke su, aka wanke aka jera cikin na waje. Mai saye ya tafi da bakanikensa, a sa sifana a juya karanshaf zagaye biyu a ji ko yana tafiya sumul tare da turjiyar matsi, a buɗe murfin sama a ga ko akwai baƙin laka, a kwance kaskon ƙasa a dubi ragar mai da ɓurɓushin ƙarfe. Mai shagon da ya hana a buɗe ya riga ya ba da amsa. Kwanakin garanti kuma a rubuta su a rasit tare da lambar injin, a fayyace cewa lissafi zai fara ne daga ranar da aka tayar da shi a kan mota.

A tabbatar injin irin na motar ne. Ɗora 1KD a gurbin 5L aiki ne da ya haɗa da ƙwaƙwalwa da wayoyi da na'urar tsaron makulli, shi ya sa wasu masu aiki a karkara suke yin akasin haka, su koma wa 5L mai famfo don kowane bakanike na iya taɓa shi, ko da yake sun san sun sayar da ƙarfi sun sayi sauƙi. A yawancin injunan D-4D kuwa, kowace nozul tana da lambobin da aka buga a kanta, waɗanda dole a shigar wa ƙwaƙwalwar motar da kwamfuta, in ba haka ba injin zai riƙa ƙara yana hayaƙi alhali lafiyarsa ƙalau.

Ko gyara aka yi ko canji, kada a ɗora injin sai an wanke lagireto ko an sake shi, an mayar da tamostat idan an taɓa cire shi, an wanke na'urar sanyaya iskar tobo daga tsohon mai, an kuma sa sabon bel na taimin tun injin yana ƙasa. Wa'adin bel ɗin 1KD da 2KD kilomita 150,000 ne, amma babu wanda ya san nawa na tokumbo ya riga ya ci, kuma idan ya tsinke fistin da bawul ne za su yi karo.

Wannan Hilux ɗin tamu, awo ya nuna duka silindojinta huɗu sun yi ƙasa tare, gangarta lafiya lau, karanshaf bai ƙone ba, saboda haka borin za a yi mata, a sake robar iska da matatarta. Bayan an haɗa, direban zai yi kilomita 1,000 na farko ba tare da cika mata kaya ba, ba kuma tare da barin ta tana aiki a tsaye na dogon lokaci ba, sannan ya dawo a zubar da baƙin man a canza matata. Da a ce na tokumbo aka ɗora mata, da sai mai ita ya riƙe rasit ɗin sayen, ya kuma je ofishin lasisi a gyara lambar inji a takardun motar kafin ya fita da ita hanya mai shingen bincike.