An buɗe ƙofar mujallun ilimi, to wa ke biya yanzu?

Ga wata ɗaliba a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, tana haɗa kundin kammala karatu a kan zazzaɓin cizon sauro. Ta ci karo da maƙalar da take nema a intanet, ta karanta taƙaitaccen bayani, sai shafin ya ce ta biya dala 35. Dalar Amurka fa, ba tamu ta sefa biyar ba. Kusan jika ashirin ke nan.

Kuma wanda ya rubuta maƙalar ko dala ba zai gani ba. Malaman da suka tantance ta su ma kyauta suka yi. Kuɗin na kamfanonin ɗab'i ne irin su Elsevier, waɗanda ke sayar wa jami'o'i binciken da jami'o'in suka ɗauki nauyi.

Masana kimiyyar fiziks ne suka fara gajiya. A 1991 Paul Ginsparg ya buɗe rumbun arXiv a Amurka, inda masana ke ajiye bincikensu a karanta kyauta. A 2002 sanarwar Budapest ta fito da kiran a fili: a cire shingen biyan kuɗi kafin a karanta bincike. A 2018 wasu hukumomin Turai masu ba da kuɗin bincike suka kawo Plan S, suka ce duk aikin da suka biya, dole a buɗe shi ga kowa.

Ɗalibarmu ta ci riba, babu shakka. Amma ku saurara, a nan gizo ke saƙa.

Kamfanonin ba su daina karɓar kuɗi ba, mai biya suka sauya. Da mai karatu ne, yanzu marubuci. A 2021 mujallar Nature ta yanka yuro 9,500 ga mai son a buɗe maƙalarsa, wato sefa sama da miliyan 6. Ku tuna malamin jami'a a Yamai ko Tawa sai ya wallafa kafin CAMES, hukumar da ke tantance malaman jami'o'i a ƙasashen Afirka da dama, ta ƙara masa girma. Gaskiya ne mujallu da dama suna yafe wa marubutan ƙasashe irin Nijar, to amma galibi sai ka nema, kuma ba kowa ya san da haka ba.

Ga kuma mujallun bogi, masu cika akwatin imel ɗinka da yabo, su karɓi kuɗi su buga komai ba tantancewa.

Akwai wata hanyar, ni ita ta fi kwanta mini: jami'a ko gwamnati ta riƙe mujallar, ba mai karatu ba marubuci da zai biya. Da yawan mujallun da ke dandalin SciELO na Barazil haka suke. Rumbun HAL na Faransa kuwa, maƙalun Faransanci fal a ciki, kyauta.

Kafin ka tura aikinka wata mujalla, Malam, shiga kundin DOAJ, wato jerin mujallun da ake karantawa kyauta a intanet, ka rubuta sunanta. In tana ciki, zai nuna maka ko tana karɓar kuɗi, da nawa.