Jawabin Maraba ga Maigirma Babban Daraktan Ƙaramar Hukuma, Yunin 2021

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe, Maigirma Babban Daraktan Ƙaramar Hukumarmu, da jami'an kuɗi da na lafiya da na ayyuka da suka rako ka. Allah ya ja zamanin Sarkin gari. Limamai da malamai, Allah ya gafarta muku. Iyayenmu mata, da samarin kwamitocin unguwanni. A madadin dattawa da ɗaukacin jama'ar wannan gari na gaɓar kogin Nilu Shuɗi a jihar Sinnar ta Sudan, ina yi maka barka da zuwa, sannu da hanya. Mun san yadda man fetur ya koma tun da aka janye tallafinsa a farkon wannan wata, saboda haka ba mu ɗauki tattakinka ƙaramin abu ba.

Wasu daga kakanninmu sun biyo Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru zuwa ƙasar nan bayan yaƙin Burmi na 1903, wasu kuma hanyar Makka ce ta ajiye su a wannan gaɓa. Tun daga lokacin muke noman dawa da riɗi, muke kamun kifi, muke biyan harajin kasuwa da na dabbobi, kuma da bakin masu biyan haraji za mu yi maka magana a yau.

Ba mu manta da halin da hukumarka ta shiga ba. An sanar da mutum na farko da korona ta kama a Sudan ranar 13 ga Maris 2020, aka rufe makarantu da iyakoki, aka kulle Hartum daga 18 ga Afrilu, zirga-zirga tsakanin jihohi ta tsaya, kasuwannin mako suka mutu. Ƙaramar hukuma kuwa daga kuɗin rumfuna da lasisin sana'a da harajin amfanin gona take samun abin kashewa, don haka ranar da aka rufe kasuwa, ranar ce aka rufe bakin asusunta. Kafin a farfaɗo sai ga ambaliyar daminar bara, wadda ta sa gwamnatin riƙon ƙwarya ta kafa dokar ta-ɓaci ta wata uku a Satumba, jihar Sinnar kuma tana cikin waɗanda suka fi jin jiki. Mun yaba da abin da aka yi a wancan lokaci, musamman ajiye tankunan wanke hannu a ƙofar asibiti da jinkirta karɓar kuɗin rumfa daga hannun mata masu shayi da ƙosai.

Sai dai, ranka ya daɗe, akwai shawara ɗaya da har yau take ci mana tuwo a ƙwarya, wato sallamar ma'aikatan wucin gadi. Lokacin da gwamnati ta ɗaga mafi ƙarancin albashi daga fam 425 zuwa fam 3,000 a 2020, alherin ya tsaya ne kan waɗanda sunansu yake cikin kundin ma'aikata, amma masu shara, da masu feshin maganin sauro, da masu gadin famfo, da ungozomomin da ake biya ladan wata-wata daga asusun hukuma, su aka fara cewa su dakata a gida har kuɗi su samu. A takarda wannan tsimi ne mai sauƙin yi, domin ba su da fansho, ba su da ƙungiyar da za ta yi musu kuka. A ƙasa kuwa ga abin da ya haifar: ungozomar da ta karɓi haihuwar yawancin yaran da suka rera maka waƙar maraba ɗazu, yanzu tana fita cikin dare da fitilar wayarta, da safar hannu da reza da ta saya da kuɗinta, abin da maigidan mai jego ya iya ba ta shi ne ladanta. Da ruwa ya ja ya bar kududdufai a bayan unguwanni, babu mai feshi ko ɗaya, zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da gida bayan gida, kuma a ganinmu ya fi korona cika ɗakin jinyarmu. Muna roƙon a mayar da waɗannan bayin Allah bakin aiki kafin ruwa ya sauka sosai, ungozomomi da masu feshi a sahun farko, kuma duk lokacin da aka sami gurbin ɗaukar ma'aikata na dindindin a fara da su, tun da sun riga sun san aikin, sun san ƙofar kowane gida.

Game da kuɗi, ba mu zo da zargi ba. Kowa ya ga yadda aka karya darajar fam a Fabrairun bana, dala ta tashi daga fam 55 a farashin gwamnati zuwa kusan 375, hauhawar farashi kuma ta haura kashi 300 cikin 100, ta yadda kuɗin da aka ware wa buhun siminti a farkon shekara ba ya sayen rabinsa a yau. Abin da muke nema shi ne a riƙa liƙa lissafi a allon ofis da ƙofar kasuwa duk bayan wata uku: ga abin da aka tara daga garin nan, ga abin da ya zo daga Sinja, babban birnin jiha, ga inda aka kashe. Mai rumfar da ya ga inda kuɗinsa ya shiga ba ya ɓuya idan mai rasit ya iso.

Ayyuka uku ne suka tsaya mana a tsakiya: azuzuwan makarantar 'yan mata da suka kai linta ba rufi, tankin ruwan da aka kafa ƙafafunsa aka tafi, da shingen ƙasa na bakin kogi wanda ambaliya ta yaga. Dattawa sun zauna sun yarda a jinkirta azuzuwan, duk da zafin da hakan yake mana, a sa abin da ke hannu kan shingen, domin kogi yakan cika ne a Agusta da Satumba, idan kuma ya sake shigowa gari ba makarantar da za ta tsira. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, saboda haka samarinmu sun ɗauki alkawarin gayya: su ne cika buhuna, su ne dako da amalanken jakuna, hukuma ta kawo buhunan, da motar tura ƙasa da man da za ta sha, da injiniyan da zai nuna tsayin da ya kamata.

Muna kuma roƙon ka sa baki a turo masu rajistar lambar ɗan ƙasa su yi kwanaki a garin nan, domin tsofaffi da mata da yawa ba su da ita, kuma sai da ita ake shiga shirin Samarat na tallafin iyali. Haka nan allurar korona da ta iso ƙasar tun Maris, limamanmu a shirye suke su yi bayaninta a huɗuba idan aka sanar da su ranar zuwan ma'aikata da wuri.

Bayan an ci abinci, Sarkin gari da shugaban samari za su raka ka bakin kogi ka ga tsagar shingen da idonka, ungozomomi kuma suna jiranka a asibiti da takardar sunayensu. Allah ya taya ka riƙo, ya mayar da kai gida lafiya.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.