Jiha za ta iya ɓallewa ba tare da an zubar da jini ba?

Assalamu alaikum, masu kallonmu. Duk sa'ad da siyasa ta yi zafi a Najeriya, sai ka ji ana cewa a raba ƙasar, kowa ya kama gabansa. To, ana iya yin hakan cikin ruwan sanyi?

An taɓa yi. Ranar 1 ga Janairun 1993 Cekoslobakiya ta rabu gida biyu ba tare da yaƙi ba. Sai dai iyakar ɓangarorin biyu daɗaɗɗiya ce, majalisar tarayya ce ta zartar da dokar rabuwar, aka kuma kasa dukiya kashi biyu ga Cek, kashi ɗaya ga Sulobakiya, daidai da yawan jama'a. A Kanada, kotun ƙoli ta yanke hukunci a 1998 cewa lardin Kebek ba zai fice gaban kansa ba, amma in mafi rinjaye suka nemi fita ƙarara, dole a zauna a tattauna.

Mu namu tsarin mulkin na 1999 ya rufe ƙofar. Sashe na 2 ya ce Najeriya ƙasa ɗaya ce da ba ta rabuwa. Kafin a gyara shi, sai kashi biyu cikin uku na Majalisar Tarayya sun yarda, sannan majalisun jihohi 24 cikin 36 su amince. Da aka gwada ba tare da yarjejeniya ba, wato ayyana Biyafara ranar 30 ga Mayun 1967, an gwabza yaƙi har Janairun 1970.

Amma a ganina, ko doka ta ba da dama, wahalar na gaba. Mu dubi Kadunar nan tamu. Matatar mai tana nan, bututun da aka shimfiɗa don kawo mata ɗanyen mai kuwa daga wajen Warri ya taso. Wa zai riƙe shi? Bashin da ake bin tarayya fa, da fanshon tsofaffin sojoji? Ka shiga Kasuwar Gumi, ga Ibo mai shago wanda a nan aka haife shi, Hausa a bakinsa raɗau. Ɗan'uwanka kuma yana can kasuwar Mile 12 a Legas yana sauke kwandunan tumatir. Ranar da aka ja layi, waɗannan mutanen 'yan ina ne? Wannan tambayar ce ta fi damuna, ita ce kuma masu kiran a raba suka fi tsallakewa.

Ga misali: Sudan ta Kudu ta fita daga Sudan a 2011 da ƙuri'ar raba gardama, kusan kashi 99 cikin 100 suka amince. Amma ba a gama maganar mai da iyaka ba. A farkon 2012 ta rufe rijiyoyinta saboda rigimar kuɗin bututu, yankin Abyei da ke kan iyakar ƙasashen biyu ya zauna ba mai shi, 'yan Kudu da aka haifa a Khartoum kuwa suka wayi gari baƙi, an soke musu zama 'yan ƙasa.